Kawu Majo da Iskar Ruɓaɓɓen Ƙwai

Cikin duk waɗanda suka zo gaisuwar Kawu, wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne makiyayi daga wajen Bune. Shi bai ma san an yi rasuwa ba. Ya sauko daga raƙuminsa, ya ɗaure shi a gindin bedi, ya nufo ƙofar gida yana naɗe hannun riga, don ya zo ne a auna masa tansiyo, wato hawan jini, kamar yadda ya saba in ya shigo kasuwa. Da ya ga tabarmi da mutane sai ya tsaya. Aka gaya masa. Ya zauna, ya yi addu'a. Har ya tashi tafiya hannun rigar nan a naɗe yake, ba wanda ya iya ce masa ya sauke.

Mata a cikin gida suna ta cewa allurar Majo ba ta zafi. Majo ne sunan da gari ya san shi da shi, don shi ne babban mai jinya a asibitin nan na Gure har ya aje aiki. Liman ya ce bai taɓa ganin mutumin da yake cewa “ban sani ba” da sauƙi kamarsa ba. Sai mai shayin da suke hira da Kawu kullum ya share ido da bakin rawani ya ce, “Shi ke nan. Mai cewa kowannenmu yana yawo da ruɓaɓɓen ƙwai a ka ya tafi.” Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. An ce da maganar ta isa cikin gida, sai ta tashi ta shige ɗaki ta ja labule.

Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In tashi in kawo ruwa, in dawo, in sake tashi. Rabin hankalina yana kan Kawu, rabi yana kan wani gwangwanin shayi da ke kan kantar ɗakinsa. Maganina ne a ciki, saura kaɗan ya ƙare, kuma wanda ya san yadda ake ba ni shi yanzu muka baro shi a maƙabarta.

Bari in faɗi yadda aka yi.

Ni ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko. Zama a benci ne ya gagare ni. Na yi faci, na sayar da mai a kwalba, daga baya na zama aparanti, wato yaron mota, a wata babbar kamiyo mai ɗaukar kanwa zuwa Damagaram. Wata rana da hantsi, kusa da Gidigir, tayar gaba ta fashe muka kife. Direba ya rasu a gefena. Ni ƙwarzane kawai na samu a gwiwar hannu, kowa yana cewa na yi arziki. Amma tun daga ranar jikina ya ƙi yarda cewa abin ya wuce. Ina zaune lafiya sai gabana ya faɗi, zuciya ta riƙa duka kamar za ta fasa ƙirji, gumi ya jiƙa ni. In na ji ƙarar mota sai ƙafafuna su mutu.

Inna ta yi iyakar ƙoƙarinta, rubutu da hayaƙi da sadakar waina. Kawu bai hana ta ba. Ya zo ya same ni a zaure ya ce, “Sarkin gaggawa, shanye rubutunka tas. Gobe kuma za mu Damagaram.”

Na ce, “Kawu, ba zan iya shiga mota ba.”

“Ni ma ba son ta nake ba. Mu je mu ƙi ta tare.”

Haka ya zauna kusa da ni a mota, ya kama wuyan hannuna da yatsu biyu kamar mai auna bugun jini, bai saki ba har muka isa. Bai ce mini in yi haƙuri ba, bai ce ni namiji ne ba. In jikina ya fara rawa sai ya ce, “Tana gudu. Bari ta gudu, za ta gaji.”

Likita ya rubuta mini wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi. Sun yi aiki kuwa. Ranar farko na yi barcin da na manta akwai irinsa a duniya. Amma Kawu bai taɓa miƙo mini kwalin ba. Ya juye su a gwangwanin shayi ya ɗora a kanta. Ya ce wannan magani aro ne, ba kyauta ba. Jiki yana saurin sabawa da shi, in aka daɗe sai ya nemi ƙari, in kuma aka yanke shi farat ɗaya yana iya kayar da mutum da jijjiga. Sauka ake yi daga kansa a hankali, likita yana faɗin yadda za a rage, shi kuma yana yankawa.

Saboda haka kowace safiya ina gidansa. Zan same shi a kan ƴar kujerarsa, rediyo a gefe, tabarau ɗaure da zare don ƙafa ɗaya ta karye ya ƙi sayen wani. Kafin ya sha shayi sai ya ɓare tafarnuwa ya tauna ɗanya. Matarsa ta yi ƙorafi har ta gaji. Sai ya kifa ɗan faranti, ya ɗora ƙwaya a bayansa, ya ɗauko reza. Yana yanka kamar mai yi wa jariri aski. Ni ina tsaye ina kaɗa ƙafa.

“Zauna mana. Ƙwaya ba ta da ƙafa.”

“Ina da wajen zuwa, Kawu.”

“Ina?”

Sai in zauna.

Wata safiya na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna. Akwai abokina da aka taɓa ba irin ƙwayar nan, ya yini yana barci kamar buhun gero. Ni kuwa iyakarta ta ɗan kwantar mini da ƙirji. Na ce ko tawa ta jabu ce?

Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya aje rezar. Ya ce tambayar da ta bi shi duk tsawon aikinsa ke nan. Ka ba mutum biyu magani ɗaya, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya tashi ya tafi gona. Ya ce wani abin an san shi: nauyin jiki, shekaru, lafiyar hanta, sabo. Amma in ka cire waɗannan duka, akwai saura. Ƴarsa tana karatun haɗa magunguna a Yamai, takan turo masa abubuwa a waya, shi kuma ya karanta yana riƙe da wayar can nesa kamar za ta cije shi. A nan ya gamu da maganar iskar.

“Ka san warin ƙwai in ya ruɓe?”

“Wa bai sani ba?”

“To iska ce ke ba da warin nan. Ash-de-es ake ce mata. Kuma jikinka da kansa yana yin ta. Kaɗan ƙwarai. A ƙwaƙwalwa, a jijiyoyin jini, a hanji.”

Na ce, “Ta hanji kam na yarda, Kawu. Na kwana ɗaki ɗaya da aparanti huɗu.”

Ya cire hula ya maka mini. “Shashasha. Saurara.”

Ya ce ita iskar ba datti ba ce kawai, aiki take yi. Tana sassauta jijiyoyin jini, kuma a ƙwaƙwalwa tana cikin abubuwan da ke kai saƙo. Da yake ya san ni ɗan mota ne, sai ya ce in ɗauka ƙwaƙwalwa tana da birki. Ƙwayar da nake sha ba ta kawo sabon birki, tana ƙara wa wanda ke nan kamu ne. Masu bincike suna zaton iskar nan ita ma tana taɓa birkin, ko tana taɓa yadda hanta ke sarrafa magani. In haka ne, mai ita da yawa da mai ita kaɗan, wataƙila ƙwaya ɗaya ba za ta yi musu aiki iri ɗaya ba.

“To ni da yawa nake da ita ko kaɗan?”

“Ban sani ba. Su ma ba su gama sani ba. Yawanci a kan ɓeraye suke gwadawa.”

“Ɓera yana da faɗuwar gaba ne?”

“Ka taɓa ganin ɓera zaune hankali kwance?”

Na ce to tafarnuwar fa? Ya ce an ce jiki yana samun iskar daga tafarnuwa ma, amma shi tun kafin ya ji wannan labari yake cin ta, kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Kawu mutum ne da in abu ya burge shi ba ya iya riƙe shi. Ya faɗa a wajen mai shayi. Ya faɗa a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya faɗa wa masu zuwa awon tansiyo, hannunsu na cikin abin awo ba su da hanyar gudu. Kuma kullum yana haɗawa da “wataƙila” da “ɓeraye”. Sai dai magana in tana yawo a gari tana zubar da kaya a hanya. Kafin ta isa kunnen Inna, wataƙila ta faɗi, ɓerayen sun gudu. Abin da ya rage shi ne: Majo ya ce warin ruɓaɓɓen ƙwai yana maganin faɗuwar gaba.

Muna da lambu a kwari, bayan tudun yashi, gadon kakanmu. Dabino, rogo, ɗan rake. A can ƙarshensa akwai tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba, an jera mata kututturan goriba a ciki. Ruwanta baƙi ne, warinta kuwa tun daga nesa yake tarbar mutum. Inna ba ta taɓa son ƙwayoyin nan ba. A ganinta ƙwaya ƙwaya ce, ko ta likita ko ta bakin tasha, kuma ta ga abin da ta yi wa ƴaƴan mutane. A lokacin an rage mini maganin, jikina yana ta ƙorafi, barci ya yi ƙaranci. Wata safiya ta ce in raka ta lambu.

Ta tsaya a bakin rijiyar ta toshe hanci da mayafi. “Ga shi nan Allah ya ba mu rijiya guda. Yaya da bakinsa ya ce magani ne. Leƙa ka shaƙa.”

Na san ba haka ya ce ba. Amma na gaji, kuma wani ɓangare na zuciyata yana cewa, in kaɗan tana da amfani, da yawa fa? Na leƙa na shaƙa. Ban ji komai ba sai tashin zuciya. Sai na ce bari in matsa kusa. Na taka kututturan na ɗan sauka. Idanuna suka fara yaji, maƙogwaro ya kama. Can sai na daina jin warin gaba ɗaya.

Na ɗaga kai na ce, “Inna, warin ya tafi.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi, ya shiga jiki ke nan.”

Daga nan kaina ya juya, ƙafata ta zame. Ban san inda Inna ta samo ƙarfin ba. Ta kwanta rub da ciki ta cafke wuyan rigata tana ihu, mai lambun kusa ya rugo suka ja ni waje. Na kwanta a kan yashi ina amai.

Ban taɓa ganin Kawu cikin fushi irin na ranar ba. Bayan ya duba idona ya saurari ƙirjina, ya juya kan Inna a tsakar gida.

“Kin san lokacin da ya ce warin ya tafi? Hancinsa ne ya mutu! Iskar nan in ta yi yawa haka take yi, ta kashe hanci, sannan ta kashe mutum. Masu haƙar rijiya nawa aka kawo mini a kan amalanke?”

“Kai ka ce magani ce, Yaya.”

“Na ce wataƙila! Na ce wadda jiki ke yi da kansa, ƴar mitsitsiya! Na ce ɓeraye!”

Inna ba ta saba ɗaga masa murya ba. Ranar ta ɗaga. “To in ba ka tabbata ba, me ya kai ka faɗa a kasuwa? Kai Majo ne. In ka yi tari mutane cewa suke magani ne. Ni ɗana nake gani yana ramewa, ka ce in tsaya ina tsince wataƙila daga cikin maganarka?”

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Suka yi kwanaki ba sa magana. Ni ina zuwa karɓar magani, yana yankawa shiru, ko rediyo ba ya kunnawa. Ya sa aka rufe rijiyar da itace aka danne da ƙasa. Sai wata Juma'a na gan shi ya shigo gidanmu da ƙullin albasa da busasshen kifi, ya aje a gaban Inna, ya nemi turmi ya kifa ya zauna a kai.

Ya ce, “Auta, rabin laifin nawa ne.”

Ta ce, “Rabi?”

“Rabi. Ba ni na ce ya shiga rijiya ba.”

Ta ɗauki kifin ta shinshina. “Wannan ma ya kusa zama maganin naka.”

Shi ke nan suka shirya. Bai daina maganar iskar ba, ba zai iya ba. Amma daga ranar, duk wanda zai ba labarin sai ya fara da rijiyar. Ya ce ga abin da take yi in ta zo daga waje, kada kowa ya kusance ta, sannan ya shiga zancen ta cikin jiki. In ya gama sai ya ce wa mutum, “Maimaita mini abin da na ce.” Mai shayi ya ce hira da Majo ta koma lekol.

Ciwon da ya ɗauke Kawu bai daɗe ba. Bayan damina ne. Safiyar ƙarshe da ya yanka mini ƙwaya, hannunsa yana rawa, rezar ta goce, gutsuren ya fito a karkace. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ture shi gefe ya ɗauko wata ya sake. Na ce ya bari in yanka da kaina. Ya ce, “Kai? Za ka yanka mai girma ka ce hannunka ne ya goce.” Ya san ni. Bai bar wasiyya a kaina ba, ina jin bai zaci tafiyar ta zo ba. Mun kai wajen da nake shan ɗan gutsure kawai, kuma lokacin komawa wajen likita ya matso.

Da zaman makoki ya watse, matar Kawu ta kira ni ta miƙo mini gwangwanin. Ta ce ita tana takaba, idonta ma ba ya ganin ƙananan abubuwa, in yi yadda na ga ya dace. Na fito da shi a aljihu yana ƙara. A bakin hanya na gamu da mai tallar magani a keke, wanda ya san duk wani saurayi mai damuwa a garin nan. Ya yi mini ta'aziyya da kyau. Sannan ya rage murya ya ce in nawa ya ƙare kada in wahalar da kaina da tafiya, yana da irinsa, har wanda ya fi shi ƙarfi.

Na yi yawo a gari da gwangwanin nan har rana ta karkata. Na san in ya kwana a ɗakina, gutsure zai koma rabi, rabi ya koma guda, in ya ƙare kuma keke yana nan. Damagaram kuwa sai an shiga mota, sai an bi ta Gidigir, kuma tun ranar da muka kife ban taɓa bin hanyar babu Kawu a gefena ba.

Na shiga gida na same Inna tana yankan kuɓewa. Na aje gwangwanin a gabanta.

Ta kalle shi kamar na aje mata kunama. “Me zan yi da shi?”

“Ki riƙe. Ko na roƙe ki ƙari kada ki ba ni.”

“Ni da na kusa kashe ka?”

“Ke kika fito da ni.”

Ta goge hannu a zani. Ta buɗe ta leƙa ta rufe. Ta tambaye ni nawa ya saura, na gaya mata ba zai kai mu ko'ina ba, sai an je an ga likita. Ta ce to a je. Na ce da wa? Ta ce, “Ka ga wani a gidan nan ban da ni?”

Inna ba matafiyar mota ba ce. Tun muna fita gari ta yi tsit, ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu. Ni ma tawa ta taso, gumi, bugun ƙirji, komai. Ina shirin ce wa direba ya tsaya in sauka sai na ji ta ce, “Leda. Ba ni leda.” Haka na yi ta fama, ina riƙe mata leda, ina zuba mata ruwa a fuska, ina ba wata mata haƙuri don an ɓata mata zani. Na ga wajen da muka kife. Ba zan ce ban gani ba. Jikina ya yi rawa sosai, amma hannuwana biyu duk a cike suke, kuma Inna tana cewa in Allah ya sauke ta lafiya da ƙafa za ta koma Gure.

Mun isa a jiƙe, ni da gumi ita da ruwa. A asibiti muka jira layi. Da muka shiga, likita ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, “Ina tsohon?”

Inna ta gyara mayafi ta zauna a kujerar da ke gaban teburinsa.

“Allah ya yi masa rasuwa. Ni ƙanwarsa ce, ni ce uwar wannan. Yanzu a hannuna maganin yake. Ka faɗa mini yadda ake ragewa, da Hausa, a hankali. Abin da ka tabbata ka ce ka tabbata, wanda ba ka tabbata ba ka gaya mini.”

Likita ya aje biro, ya yi wa Kawu addu'a, ya jawo kujerarsa kusa da ita ya fara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da alheri a kan kowane hannu da ya taɓa riƙewa. Wanda ya karanta wannan, in ya san Majo, ya ƙara masa da tasa addu'ar.